Jikan Mafarauci da Karensa Gaston

Ko zan manta da komai na zamana a Faransa, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a bayan garin Lyon ba, ranar da na sha kunya a gaban baturiya, da kawuna, da kare. Ta baturiyar da ta kawun da sauƙi, na daɗe da shanye su. Ta karen ce har yau in na tuna sai na rufe fuska da tafin hannu.

Bari in faro daga abin da ya kai ni. Ni mutumin Maraɗi ne, aikin kwamfuta nake yi wa wani kamfanin jigilar kaya, kuma yawancin aikin daga ɗakina nake yin sa. Gidan da nake haya a ƙasan bene yake, da ɗan fili a baya wanda ya isa shanya wanki. Ba abin da na rasa a garin sai gaisuwa. Mutumin da ya tashi inda ake tsayar da shi a hanya a tambaye shi gida da gajiya da sanyi da jikin tsohuwa, sai ga shi a unguwar da in ya ce wa maƙwabci "bonjur", zai amsa yana laluben makullinsa. Akwai ranar da na lura tun safe ban yi magana da kowa ba sai mai sayar da burodi, ita ma "mersi" ce kawai ta haɗa mu.

Wata yamma ina zaune a bakin taga sai na gano sirrin. Ashe mutanen nan suna gaisawa, doguwar gaisuwa ma, amma sai in kowa yana riƙe da igiyar kare. Su tsaya a tsakiyar hanya, wannan ya tambayi ƙafar karen wancan, wancan ya tambayi ko na wannan ya daina gudawa, a yi ta jajantawa ana girgiza kai. Wallahi irin tambayar da muke yi wa mai jego. Na miƙe tsaye don murna, na ce yauwa, an zo wurin. Kare zan nema.

Akwai wani gida a wajen gari da ake tara karnukan da aka yasar ko aka ƙwato daga hannun azzalumai (ni gidan marayu nake ce masa). Can na nufa, da niyyar in ɗauko ɗan mitsitsi, irin wanda tsofaffin mata ke sa wa riga in ana sanyi. Wadda ta tarbe ni sunanta Madam Odil, wata gajeriyar dattijuwa mai furfura da takalmin roba, tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya ta koma hidimar dabbobi. Tana da irin kallon nan na malamai, wanda ke sa ka tuna aikin gidan da ba ka yi ba tun kana aji uku.

Muka bi layin keji ana ta haushi ta ko'ina. A can ƙarshe sai ga wani baƙi a kwance, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, shi kaɗai bai ce uffan ba. Da muka tsaya sai ya fara tashi. Ya tashi, ya ci gaba da tashi, na zaci ya gama ashe da saura. Kansa ya kai turmin daka. Madam ta ce sunansa Gaston, jinin karnukan Italiya ne da ake kira kane korso, kuma wanda ya fara riƙe shi a gareji ya ɗaure shi yana jibga, har maƙwabta suka kai ƙara. Ta ce duk wanda ya zo ya ga girmansa sai ya wuce gaba. Gaston ya matso bakin waya, ya shinshina takalmina, ya yi wata ajiyar zuciya irin ta wanda ya gaji da jira. Nan take na ji ya shiga raina, na manta da maganar ɗan mitsitsi.

"Ka taɓa riƙe babban kare?" in ji Madam.

A nan ne bakina ya riga hankalina. Na gyara tsayuwa na ce, "Madam, ni jikan mafarauci ne. A cikin karnuka na tashi."

(Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Kakana, Allah ya jiƙansa, yakan bi farauta da rani, kuma yana da wasu ramammun karnuka biyu da ba wanda ya taɓa raɗa musu suna. Abin da ban gaya mata ba shi ne, duk sanda suka shigo gida ni ina wani wuri mai tsawo.)

Ta dube ni ta dubi Gaston, ta ce to, za ta ba ni shi gwaji na wata ɗaya. In watan ya cika za ta zo da kanta ta ga yadda muke. In ta gamsu, ya zama nawa har abada. In ba ta gamsu ba, za ta komo da shi kejinsa, kuma ba roƙon da zai yi aiki. Na ce na yarda, har da dukan ƙirji.

Kai, wannan wata! Ban taɓa jin daɗin Faransa irin na lokacin ba. Na sayo masa katifa wadda ta fi tawa laushi, da kwanoni, da igiya mai kaurin ta ɗaure sa, da buhun abincinsa da sai da na huta sau biyu kafin in kai shi ƙofa. Ranar farko da muka fita, tsohon da ke zaune a saman benenmu, wanda bai taɓa yi mini ko murmushi ba, ya tsaya ya shafa kan Gaston, ya ba ni labarin karensa da ya mutu, da matarsa da ta mutu, da ciwon bayansa, ya tambayi daga ina nake har ya so in nuna masa Maraɗi a taswira. Na koma gida ina tafiya kamar an naɗa ni sarauta. Matar kantin magani ta san sunana. Mai burodi ta fara ajiye masa ɓawon da ya bushe. Gaskiya ne wasu in sun hango mu sukan tsallaka titi, amma wannan ma daɗi yake yi mini, ba zan ɓoye ba.

Na so in canza masa suna zuwa wani abu mai tsoratarwa. Na gwada Dodo, na gwada Sarkin Yaƙi, ya kalle ni kamar ina magana da bango, na haƙura na bar masa Gaston ɗinsa. A gida ba shi da fitina ko kaɗan. Ɗakin da nake salla na nuna masa sau ɗaya cewa ba a shiga, bai ƙara gwadawa ba, sai dai ya kwanta a bakin ƙofa ya jira in sallame. In ina aiki yana gefe yana minshari, har wata rana abokan aikina suka tambaya a taron bidiyo ko ana haƙa rami a unguwarmu. Na daina cin abinci ni kaɗai ina kallon bango. Na daina jin gidan ya yi mini faɗi.

Sai dai akwai 'yan abubuwan da ban tsaya na tambayi kaina dalilinsu ba. In ya yi hamma, haƙoran nan suka bayyana, sai in tuna na bar wani abu a kan wuta. Kwanon abincinsa da ƙafa nake tura masa. In mun fita, ba ni ke zaɓar hanya ba, shi ke gaba ina biye ina yi kamar dama can zan bi. Kuma ko sau ɗaya ban taɓa kwance masa igiya a waje ba. Duk wannan na sa masa suna "girmama juna".

Murna ce ta sa na ɗora hotonmu a waya, ni da Gaston, na dafa kansa da yatsa biyu. Ba a jima ba kira ya shigo daga Paris. Kawu Alhaji Isuhu ne, ƙanen mahaifiyata, mai kantin shadda da atamfa a unguwar Château Rouge. Kantin nan nasa shi ne majalisar mutanen Maraɗi, duk abin da ya faru da ɗan garinmu daga Marseille har Lille, a can ake yanke masa hukunci tsakanin teloli da masu jiran ɗinki.

"Salamu alaikum Kawu, ina wuni, ya kasuwa, ya..."

"Lahiya lau. Aje gaisuwan nan tukuna. Wanga abu da na gani cikin hoto, kura ce ko jaki?"

"Kare ne, Kawu."

"Na wa?"

"Nawa."

Na ji keken ɗinki ya tsaya a bayansa. Wani ya ce innalillahi.

"Cikin ɗaka shi ke kwana?"

"A falo, Kawu. Ba ya shiga wurin salla, kuma kayan fita da shi daban na ware."

"Wa za shi ci abincin gidanka yanzu? Wa za shi ba ka ɗiyatai? Mi zan hwaɗa ma yayata in ta kira?"

Na ce ai don gadi ne, kuma malamai sun yarda da karen gadi.

"Gadin mi? Kwamfuta guda da tukunyar shinkahwa?"

Kantin ya ɗauki dariya, ina ji har da mai tafi. Raina ya ɓaci, bakina ya sake yin halinsa. Na ce, "Kawu, abin a jini yake. Ka manta Baba Tsoho da karnukansa?"

"Ni za ka ba labarin ubana? To tsaya nan, ina zuwa Lyon in gani da idona. In na zo ka maida shi inda ka ɗauko shi."

Ya ce in zaɓi rana. Da gangan na zaɓi Asabar ɗin da Madam Odil za ta zo. Lissafina shi ne baturiya za ta yabe ni a gabansa, ya koma Château Rouge ya gaya wa teloli cewa yaron nan fa ya san abin da yake yi. Har na shirya yadda zan sunkuyar da kai in ce ai ba komai, baiwa ce.

Ranar na sa farar shaddata sabuwa, wadda daga kantin Kawu ta fito, na kafa hula (e, zuwa filin karnuka, kuma an kwana ana ruwa, kada ku tambaye ni). Na ɗauko Kawu a tashar jirgi, yana cikin babbar riga ruwan toka yana dogara lema. Da muka iso gida ya ƙi shiga. Ya leƙa ta taga, Gaston ma ya leƙo daga ciki, suka haɗa ido, Kawu ya ja baya yana karanta abin da ya sawwaƙa.

"Wannan shi ne ka ke kwana da shi gida ɗaya, ka rufe ƙofa, ka kashe wuta?"

"Kawu, ɗan lelena ne. Ko ƙuda ba ya kashewa."

"Ƙuda ya yi mishi kaɗan, shi ya sa."

Muka kama hanyar wani fili da muka shirya haɗuwa da Madam Odil, kusa da kogi, inda aka kewaye da shinge don masu karnuka, da tebur na katako a gefe. Ni da Gaston a gaba, Kawu a can baya yana yi kamar ba tare muke ba. Madam Odil ta riga mu isa. Tana ganinmu ta durƙusa ta rungumi wuyan Gaston tana yi masa kirari, sai da ta gama sannan ta ɗago ta gaishe mu. Kawu ya matso kunnena ya ce, "Karen ta hwara gaidawa? Ina tsaye da gemuna?" Na ce ya yi haƙuri, al'adarsu ce.

Aka fara. Ta duba idon Gaston da haƙoransa da fatarsa, ta ce ya yi ƙiba, gashinsa na sheƙi. Ta ce mu zaga filin, muka zaga, kuma kamar Gaston ya san abin da ake ciki, ranar bai ja ni ba, ya jera da ni kamar ɗan makaranta. Na ce ya zauna, ya zauna. Na ce ya kwanta, ya kwanta. Madam ta ce, "Madalla, ban taɓa ganinsa cikin natsuwa haka ba." Na saci kallon Kawu na fassara masa, duk da ya ji da kunnensa. Zuciyata kamar ta fashe don daɗi.

"Saura abu ɗaya," in ji Madam. "Zan kai shi can ƙarshen fili in kwance igiyar, kai kuma ka kira shi. Kun saba yin haka, ko?"

"Kullum, Madam."

Ta ja shi suka tafi, suka yi ta tafiya har suka ƙanƙance. Kawu ya zo ya tsaya kusa da ni, ɗan baya kaɗan, wajen teburin. Ta kwance igiyar ta ɗaga hannu. Na buɗe ƙafafu, na sa muryar maza, na ce, "Gaston! Zo nan!"

Ya ɗago kai. Ya gane ni. Ya taho.

Jama'a, wata guda ina zaune da dabbar nan amma ban taɓa ganinta a guje ta nufo ni ba. Ƙasa tana amsawa. Kumatunsa suna tashi sama suna faɗowa, haƙora duk a waje, yawu na feshi ta gefe biyu, laka na tashi a bayansa. Yana ƙara matsowa yana ƙara girma. Kaina ya san Gaston ne, wanda ke kwana a bakin ƙofata, wanda ke jin tsoron injin shara. Amma gwiwoyina ba a Lyon aka haife su ba.

Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san abin da ake yi in kare ya taso wa mutum. Ba a gudu. Sunkuyawa ake yi kamar za a ɗauki dutse, ko da dutsen ko babu, karen da kansa zai karya kwana ya ba da ƙafa. Ba wanda ya koya mana, da shi muka buɗe ido. To ban san lokacin da abin ya faru ba, sai kawai na tsinci kaina a tsugune, hannuna a ƙasa, ina ihu da Hausar da na yi shekaru ban yi irinta ba, "Kai! Tahi can! Tahi can na ce!" Kuma saboda rashin sa'a, hannun nawa ya faɗa kan dutse na gaske, ya damƙe, ya ɗaga sama. Na waiga gefe, sai ga Kawu shi ma a tsugune, babbar riga ta baje a ciyawa, yana lalube. Bai samu dutse ba, ya cire takalminsa ɗaya.

Abin da ba mu sani ba, a gidan marayun nan kullum masu hidima sukan yi wasa da Gaston, su sunkuya su ɗauki ƙwallo su jefa masa. A wurinsa, mutum ya sunkuya yana nufin daɗi ya zo. Ga mutum biyu sun sunkuya lokaci guda. Sai ya ƙara wuta.

Ban ga isowarsa ba, ji na yi. Wani abu ya daki ƙirjina, sama ta koma ƙasa, na faɗi da baya cikin wani kwatamin laka da ruwan sama ya tara, hulata ta yi nata wuri. Kafin in ja numfashi harshe ya sauka a fuskata, tun daga gemu har goshi, sau ɗaya, sau biyu, ya bi ta kunne. Da na samu na buɗe ido ɗaya, sai na hango Kawu a tsaye a kan tebur, takalmi a hannu, lema a buɗe ya kare kansa da ita, yana kiran sunayen Allah a jere. Mutumin da ya shekara yana salla a kan kujera saboda ciwon gwiwa.

Gaston ya ja baya ya zauna a gabana, wutsiya tana share laka, idonsa a kan hannuna na dama. Madam Odil ta iso tana haki tana dariya har da riƙe ciki.

"Me kuke yi haka ku biyu? Addu'a ce? Na ga kun durƙusa tare..."

Sai dariyar ta tsaya. Ta ga abin da Gaston ke kallo.

"Mene ne wannan a hannunka?"

Na so in sake shi, yatsun suka ƙi buɗewa. Ina zaune cikin laka, farar shadda ta koma kalar kunu, yawun kare na ɗiga daga gemuna, hannuna a sama riƙe da dutse, a gaban matar da ta ƙarar da tsufanta wajen ceton karnukan da aka daka.

Kawu ne ya kawo mini ɗauki, daga kan tebur, da Faransancinsa na kasuwa wanda kowa ke ganewa. Da ma ya yi shiru.

"Madam, ki yi haƙuri, ba jifa zai yi ba. A garinmu haka ake korar kare. Shi kuwa wannan tun yana yaro in ya ga kare, kan rumbu yake hawa, sai an sa tsani an sauko da shi."

"Ya ce mini shi jikan mafarauci ne."

"Jika dai, e. Wannan gaskiya ne."

Madam ba ta yi dariya ba. Ta sunkuya ta maƙala wa Gaston igiya, ta dube ni da idon nan nata, ta yi magana a hankali, wanda ya fi faɗa ciwo. Ta ce ta gaya mini abin da karen nan ya gani a rayuwarsa. Ta ce ba mugaye kaɗai ke dukan dabba ba, matsorata ma suna yi, kuma ba za ta bar shi a hannun wanda ke tsoronsa ba. Ta juya ta ce, "Zo mu tafi, Gaston."

Na tuna kejin nan na ƙarshen layi, na tuna gidana yadda yake kafin ya zo, shiru kamar an yi rasuwa. Kunya ta tafi, baƙin ciki ya maye gurbinta. Ban tashi daga lakar ba na ce, "Madam, gaskiya ne, ina tsoronsa. Tun ranar farko nake tsoronsa. Da ƙafa nake tura masa abinci. Amma wallahi ina son sa, kuma ban san yadda zan koma gidan nan ba shi ba." Muryata ta karye a ƙarshe, a gaban Kawu, abin da na san ba zai taɓa bari in manta ba.

Ta ja igiyar. Gaston bai motsa ba. Ta sake ja, ta kira sunansa, ta yi masa 'yar murya. Kare mai wannan girman in bai ga dama ba, sai dai a kira mota mai ƙugiya. Yana nan zaune, kunnuwa a tsaye, baki a buɗe, yana duban hannuna yana duban fuskata, har da ɗan kukan shagwaɓa, wai me nake jira ban jefa ba.

Madam ta daina ja. Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta ce, "A wurinmu, in mutum ya ɗaga tsintsiya kawai, karen nan ƙarƙashin benci yake shigewa yana rawar jiki. Yau ya ga ka ɗaga hannu da dutse, kana yi masa ihu, ya ɗauka wasa ka kawo masa. Ko kaɗan bai zo masa a rai cewa za ka iya cutar da shi ba."

Wannan ita ce kunyar da na ce muku ta fi sauran. Yatsuna suka saki, dutsen ya faɗi cikin laka. Gaston ya sa baki ya ɗauko shi, ya ajiye mini a kan cinya, ya koma ya zauna yana jira.

Daga kan tebur na ji Kawu ya rufe lemarsa. Ya yi gyaran murya ya ce, da Hausa, "Kai, wagga dabba ta hi ka kyautata zato."

Na sa hannu biyu, ba yatsa biyu ba, na kama katon kan nan na jawo shi jikina, laka da yawu da komai. Gabana na faɗuwa, amma ban saki ba. Madam ta yi ajiyar zuciya ta miƙo mini igiyar. Ta ce ta ƙara mana wata ɗaya, da sharaɗin kowace Lahadi in zo makarantar horo da suke yi a gidan marayun. Na ce ai Gaston yana da ƙwaƙwalwa, nan da nan zai koya. Ta ce, "Shi ya iya. Kai za a koya wa."

Kawu bai sauko ba sai da aka ɗaure igiyar a jikin shinge. Ya ƙi ba ni hannu har sai da na yi wanka na canza kaya, amma ya shiga gidan, ya ci shinkafar da na dafa, ƙafafunsa a naɗe a kan kujera, Gaston na kwance a can nesa yana kallonsa da ladabi. Da zan sa shi a jirgi na roƙe shi abin ya tsaya tsakaninmu. Ya ce haba ɗana, ai sirrinka sirrina ne. Kafin jirgin ya isa Paris labari ya riga shi sauka, sai dai a nasa bayanin ba tebur, ba lema, shi yana tsaye ne kyam yana ba ni umarni. Yanzu duk ranar da na shiga kantinsa a Château Rouge, ina yin sallama teloli za su bar kekunansu su tsuguna gaba ɗaya suna laluben ƙasa.

Makarantar kuwa na je, ban tsallake ko Lahadi ɗaya ba. Darasina guda ne, in tsaya a tsakiyar fili, hannuwana cikin aljihu, a saki Gaston daga nesa ya taho. Da watan ya cika Madam Odil ta ce ya zama nawa, ta ƙara da cewa a gaskiya ni ne na zama nasa.

Abin da na koya shi ne, kafin bakinka ya yi wa mutane alkawarin jarumta, ka fara shawara da gwiwoyinka, domin su ba su iya ƙarya ba kuma ba sa jin kunyar baƙi. Har yau in Gaston ya sheƙo a guje, za ku gan ni a tsaye kyam ina murmushi, masu wucewa suna cewa dubi yadda mutumin nan ya yarda da karensa. Ba su san wandon nake riƙewa ta cikin aljihu don kada in tsuguna ba.